Lafiya Lau ɗin da Ya Ci Makaranta

An yi wani sarki a wata ƙasa mai son a ce ya raya ilmi, ya gina makaranta, ya naɗa ɗalibai bakwai shugabanni, wannan ga tsabta, wancan ga sulhu, aka yi kaɗe-kaɗe aka watse. Kafin shekara ta raba, shara ta kai gwiwa, manya suna cin zalin ƙanana. Sarki ya fusata, ya rantse zai tuɓe su ya kore su kafin saukar karatu, sai fa in an gaya masa dalilin lalacewarsu.

Malam Ilu, tsohon malaminsu, shi abin ya fi ci wa rai, saboda Jibo, shugaban sulhu. Wata biyar yaron nan yana raba faɗa shi kaɗai, har aka fasa masa baki, babu wanda ya ce masa sannu, su kuwa 'yan uwansa shugabanni da suka nannaɗe hannu babu wanda ya ce musu don me. Da ya ji batun kora, sai ya ajiye rawani ya koma gonar ubansa.

Malam ya je fada, ya faɗi ya yi gaisuwa, ya nemi a yi masa aikin gafara, ya ce sakacin fada ne dalilin lalacewarsu. Sarki ya ce shi dai bai yi sakaci ba, domin kowane wata yana aika manzo ya tambayo, kullum kuma amsa ɗaya ake kawo masa, wai lafiya lau.

Malam ya ce, "Allah ya ba ka nasara, ko majinyacin da ke gargara aka gaisar, lafiya lau zai ce. Manzonka gaisuwa yake yi daga bakin zaure, mu kuma muna amsawa, kuma wallahi har da bakina. Da an tambayi kowanne abin da ya aikata, an yaba wa mai himma, an tsawata wa rago, da ba mu zo nan ba."

Can sarki ya nisa, ya ce gaskiya ɗaci gare ta. Ya janye rantsuwarsa tunda an gaya masa dalili, ya ba Malam alkyabba, ya umarta a riƙa zama da shugabannin kowace Alhamis, kowa ya faɗi aikinsa da bakinsa. Ragwaye shida suka tsira da rawunansu, ka ji rabo.

Malam bai ko tsaya gida ba, ya nufi ƙauyen su Jibo, ya same shi yana noma. Ya ba shi labari, ya roƙe shi ya dawo, har ya ce ya faɗa masa abin da ke ransa. Jibo ya durƙusa cikin ladabi, ya ce, "Lafiya lau, Malam." Ya ɗauki fartanyarsa ya ci gaba.

Malam ya juyo yana hawaye, alkyabbar ta yi masa nauyi. Masu hikima sun ce, adalcin da ya makara, azzalumi yakan ci moriyarsa, mai gaskiya kuwa sai dai ya ji labari.