Gumin Doki a Ranar Ɗari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, mu sha ɗumi.

Wata shekara aka yi ɗari mai tsanani, har Doki, sarkin girman kai, ya kasa tsayuwa wuri ɗaya. Sai haniniya yake yi yana fizgar turke.

Kura ta leƙo ta kan danga ta ce, "Ranka ya daɗe, ai maganin sanyi sukuwa. Tsinka igiyar nan ka zaga fili."

Doki ya tsinka igiya, ya yi ta gudu har ya jiƙe sharkaf da gumi. Da ya tsaya, iska ta bugi gumin, sanyi ya shige shi har ƙashi, ƙafafu suka ɗauki rawa. Kura ta tsuguna tana lasar baki, tana jiran ya faɗi.

Sai ga tsohuwar Tunkiya, wadda kullum yake kora daga bakin harawarsa. Ta ce, "Yallaɓai, jiƙaƙƙen doki ba ya tsayawa a iska. Biyo ni barga."

"Iya, ƙafafuna sun ƙi."

"To, bari barga ta zo ta same ka."

Ta kira tumaki suka kewaye shi, suka manne masa, suna goge gumin da busasshiyar ciyawa. Jaki ya tare inda iska ke bugowa. A hankali rawar jiki ta lafa, Doki ya yi ajiyar zuciya, har gyangyaɗi ya ɗauke shi.

Kura ta gaji da jira ta ce, "Wai ba zai faɗi ba ne?"

Tunkiya ta ce, "Ai Doki a tsaye yake barci. In sanyi kike ji, zaga fili."

Ƙurunƙus kan ɓera! A ƙara itace, kada mu ma mu daskare.