Ƙanƙara a Ramin Duniyar Mas

Ku matso ku ji wannan, in na gama hukunci naku ne.

Malam Ɗanjuma mai haƙar rijiya ya rasu ya bar 'ya'ya uku. Tun ranar da aka rufe shi, Badamasi, na tsakiyarsu, ya daina magana sai da ƙyar.

Yayansa Tasi'u ne ya gaji da ganinsa haka. Ya zo da wayarsa ya nuna masa wani aiki: masana sun zuba hotunan da kumbo ya ɗauko daga duniyar Mas, suna neman jama'a su taya su sa alama a kan ramuka. Tasi'u ya yi masa rajista, ya koya masa, ya bar masa wayar.

Badamasi ya kama aikin kamar an ɗaura masa. Kowane rami sai ya ga kamar bakin rijiyar Baba. Ya duba dubbai, har wata hantsi ya ci karo da wani ƙarami mai farin ɗigo a cikinsa. Ya daɗe yana kallo, ya ce tabon hoto ne, ya ɗaga yatsa zai wuce.

Ƙanwarsu Huwaila, mai sayar da ƙanƙara, ta riƙe hannunsa. «Yaya, tsaya mana! Wai saurin me kake yi? A nemo hoton da aka ɗauka daga baya. In farin ya ragu, ƙanƙara ce.»

Aka kira Tasi'u, ya tono hotunan wurin, tsoho da na baya. A tsohon babu ramin sam. A na bayan kuwa farin ya tsuke! Dutse ne ya faɗo daga sama ya tone ƙasa, ya buɗe ƙanƙarar da ke kwance a ciki. Huwaila ta rangaɗa guɗa, maƙwabta suka cika gidan. Badamasi ya yi dariya har da hawaye, yana cewa, «Baba, ga ruwa!»

Da aka aika wa masanan suka tabbatar, suka ce sunan mutum ɗaya za su rubuta a matsayin wanda ya gano ƙanƙarar. Badamasi ya roƙi a sa na Baba, suka ce sai wanda ya sa hannu a aikin.

Tasi'u ya kawo aikin ya kuma tono shaida. Badamasi ya tsinto ramin cikin dubbai. Huwaila ta hana a wuce shi.

To jama'a, sunan wa za a rubuta?