Shirun Tabawa

A zamanin da, lokacin da ake shari'a a inuwar durumin ƙofar fada, an yi wani sarki da ya gaji da ƙarar tsegumi. Sai ya sa aka yi shela cewa duk wanda aka zalunta ya faɗi sunan azzalumin da bakinsa, in ya kasa ya koma gida. Malamai suka sa wa dokar albarka, ba wanda ya tuna da iyaye mata.

A garin akwai wata tsohuwa mai kaɗin zare, sunanta Tabawa. Tun da mijinta ya rasu ɗanta na fari ya sami sake. Tuwo ya huce, duka. Ta yi magana, duka. Shekara uku tana shanyewa, har ran da ya karya mata hannun da take murza mazari da shi. Maƙwabciyarta ta ɗora ta a jaki sai fada, ɗan kuwa ya rantse in ta dawo sai ya karya ɗayan.

Sarki ya dubi hannun, ransa ya ɓaci. Ya ce, "Iya, wa ya yi miki haka?"

Tabawa ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Matan da, Allah Ya ji ƙansu, ba su kiran sunan ɗan fari, ita ma shekara arba'in ba ta taɓa yi ba. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan yaron ne."

Fadawa suka murmusa. Sarki ya ce, "Garin nan cike yake da yara. In ba suna, ba ƙara." Tabawa ta tuna hanyar gida, tsoro ya kama ta.

Waziri Gwadabe ne kaɗai bai murmusa ba. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya roƙi a tara mazan unguwarsu. Da suka hallara su goma sha biyu, ya ce, "Iya, abin da na faɗa ki maimaita." Ya ce Jatau, ta ce Jatau. Ya ce Barmo, ta ce Barmo. Haka har goma sha ɗaya. Sai ya ce Nomau. Tabawa ta yi shiru, hawaye na zuba. Sau uku yana faɗa, ba ta maimaita ba.

Sarki ya ce, "Ai ba ta faɗa ba, Waziri."

"Allah Ya ja zamaninka, bakin da ya faɗi goma sha ɗaya shi ne ya rufe a kan ɗaya. Ni ma uwata har ta koma ga Allah ban ji sunana a bakinta ba."

Nomau ya zube ƙasa ya amsa laifinsa. Aka tura shi gyaran ganuwa shekara uku, aka haramta masa kusantar ta. Sarki ya gyara dokarsa, ya naɗa mai tsaya wa duk wanda kunya ko tsoro ya rufe wa baki, aka kuma gina musu ɗakunan fakewa a gidan Waziri. Tabawa ce ta fara shiga.

Hannun ya warke, ta koma kaɗinta, ba wanda ya ƙara ɗaga mata yatsa. Sai dai duk Juma'a in Waziri ya leƙo gaishe ta, takan ajiye mazari ta ce, "Wannan yaron, ana ba shi abinci kuwa?"