Mutumin da Ya Bar Ruwa Ya Ci Filin Ƙwallo

A wani ƙaramin gari da ke gindin tudu, akwai wani magidanci wanda mutanen garin suka danƙa wa amanar filin ƙwallonsu. Filin nan asalinsa gonar mahaifinsa ce. Kafin tsohon ya rasu ya tara dattawa ya ce ya ba gari ita, domin yara su sami wurin guje-guje, su daina tattake wa mutane shuka. Bayan rasuwarsa aka ce ɗansa ya ci gaba da lura da wurin, har aka laƙaba masa suna Sarkin Fili. Sunan kuwa ya yi masa daɗi ƙwarai, ko a kasuwa aka kira shi da shi sai ya gyara tsayuwa.

Filin ba na a zo a gani ba ne. Turakun raga na itace ne, ɗaya ma ya ɗan karkace, layin gefe kuma da toka ake zana shi. Amma shi kaɗai garin yake da shi. A nan 'yan firamare suke motsa jiki, a nan samari suke haɗuwa da yamma in sun dawo daga gona, Kirista da Musulmi duka, a nan kuma ake gasar unguwanni bayan girbi, wadda har tsofaffi mata sukan fito kallo suna guɗa.

Abokin gaban filin ɗaya ne, wato ruwa. In an yi ruwan sama, abin da ya gangaro daga tudu yakan bi gefen gabas na filin kafin ya faɗa rafi, yana tafiya yana yagar ƙasa kaɗan-kaɗan. Saboda haka garin suna da al'ada. Kowace shekara bayan ruwan farko, kafin a duƙufa ga shuka, Sarkin Fili yakan sa a yi sanarwa a coci da masallaci cewa ranar Asabar akwai gayya. Maza su zo da diga da shebur, mata su ɗebo duwatsu a kwanon sarki, a cike duk inda ruwa ya fara tsagawa. Dattawa kuma su bi gefen suna dasa jema, ciyawar nan da saiwarta ke riƙe ƙasa. Kafin azahar an gama, an sha kunu, kowa ya kama gabansa. Aikin rabin yini ne kawai.

Wata shekara mutumin nan ya shirya ya tafi sakatariyar ƙaramar hukuma, ya roƙa a taimaka musu da tifa biyu ta duwatsu da turakun ƙarfe. Ma'aikacin da ya samu ya saurare shi da kyau, sa'an nan ya ce masa, "Malam, gaskiya ba a ware mana komai don gyara ba. Abin da ke akwai shi ne, bayan 'yan shekaru akan zagaya a duba filayen da suka lalace, a zaɓi wasu a gina sababbi. A kawo katafila ta baje wuri, a kafa turakun ƙarfe, a kewaye da waya, har da wurin zaman 'yan kallo."

Ni dai ban taɓa gane hikimar wannan tsari ba, a ce akwai na gina sabo amma babu na toshe rami, kuma ba zan ɓoye muku ba, abin yana ba ni haushi. Amma bari mu bi mutuminmu. Duk cikin maganar ma'aikacin, kalma ɗaya ce ta zauna masa a kunne: lalace. Yana tafe a hanya yana lissafi da zuciyarsa. Ya ce, ashe mu muke cutar kanmu. Kowace shekara sai mu fito mu rufa wa filin nan asiri, masu dubawa su zo su ga kamar lafiyarsa ƙalau, su wuce. Da mun bar shi ya nuna ciwonsa, da tuni an gina mana sabo. Kafin ya iso gida ya riga ya ga kansa a tsaye a bakin sabon fili sanye da babbar riga, ana yanka kirtani.

Da aka yi ruwan farko, mutane suka zuba kunne su ji sanarwa, shiru. Sai wani dattijo mai suna Habila, abokin mahaifinsa ne tun suna samari, ya dogara sandarsa ya je ya same shi a ƙofar gida.

Ya ce, "Ɗana, an yi ruwa. Yaushe ne gayya?"

Mutumin ya ce, "Baba, bana babu gayya. Gwamnati za ta gina mana sabo, amma sai ta ga wannan ya lalace."

Habila ya dube shi. Ya ce, "Kai ka yi magana da gwamnati. Ruwan fa, wa ya yi magana da shi a kan inda zai tsaya?"

Mutumin ya yi dariya ya ce Baba ya kwantar da hankalinsa, zamani ya canza. Mutanen gari kuwa ba su ja da shi ba. Wa yake ƙin a ce masa ya huta ranar Asabar? Nan da nan magana ta bazu cewa fili ya zama na gwamnati, kuma kun san halinmu, da zarar an ce abu na gwamnati ne sai kowa ya naɗe hannu, ko akuya ya gani tana cin abin ba zai kore ta ba.

A damina ta farko ruwa ya buɗe 'yar hanya a gefen gabas, wadda ƙaramin yaro ma yake tsallakewa. A ta biyu ta zama rami mai kai wa mutum ƙugu, ya ci har gindin turakun raga. Samari suka tumɓuke turakun suka matso da su ciki, suka ci gaba da wasa. Mai tsaron raga na wannan gefe ya daina yin tsalle, don bayansa rami ne. Wata safiya aka ga Habila shi kaɗai ya duƙa yana dasa jema a bakin ramin. Mutumin nan ya je ya roƙe shi da ladabi ya bari, ya ce, "Baba, za ka ɓata mana shiri." Tsohon ya miƙe da ƙyar, ya kaɗe hannunsa, ya koma gida.

A damina ta uku aka yi wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, kwana biyu a jere. Da aka ɗauke, ramin ya zama kwazazzabo, ya ratsa filin a karkace har kusan tsakiya. Saniya za ta iya shiga ciki ba a hango ta ba. Gasar bayan girbi ba a yi ta ba a shekarar. Shugaban makaranta ya hana yara zuwa wurin. Kowa ransa a ɓace, in ban da Sarkin Fili, wanda yake zagaya bakin kwazazzabon hannu a baya kamar manomin da gonarsa ta yi kyau. Yana cewa a ransa, yanzu duk ƙaramar hukumar nan babu filin da ya kai namu lalacewa.

Da rani ya yi sai ga masu dubawa sun iso a mota. Mutumin ya tarye su da fara'a, ya kai su kai tsaye bakin kwazazzabo, yana nuna musu zurfinsa kamar mai tallar kaya. Babbansu, mai awo, ya matso. Ya sa aka miƙa igiyar awo daga wannan gefe zuwa wancan, aka sake miƙawa ta ɗaya ɓangaren, ya leƙa cikin ramin, ya girgiza kai.

Mutumin ya ce, "Yallaɓai, ai ka gani da idonka. Babu wanda ya fi mu bukata."

Mai awon ya ce, "Na gani, Malam, kuma na ji tausayinku. Amma mu abin da muke kawowa turaku ne da waya da katafila. Ƙasa ba ma kawo ta. Abin da ya rage muku a nan bai kai rabin fili ba, kuma ko mun kafa wani abu a kai, damina mai zuwa za ta tafi da shi."

Ya ƙara da cewa sabon filin an ba garin da ke ƙetaren rafi. Nasu filin ma ya tsufa, turakunsu gara ta ci, amma kowace shekara suna toshe hanyar ruwa, ƙasarsu tana nan cif.

Mutumin nan ya tsaya kamar an dasa shi, har motar ta ɓace bai motsa ba. Ya yi baƙin ciki irin wanda bai taɓa yi ba tun rasuwar mahaifinsa, domin ya gane cewa gonar da tsohon ya hana kansa ya ba gari, shi ne ya miƙa wa ruwa ita da hannunsa. Ranar da aka yi taron gari ya miƙe a gaban kowa ya ce, "Ni ne na hana gayya. Ni ne na hana Baba Habila dasa jema. Ku gafarta mini." Mutane suka gafarta masa, don ba mugu ba ne, kuma su ma sun san sun ji daɗin hutun. Daga baya sun haɗu sun tare kan kwazazzabon don kada ya kai ga makaranta. Amma filin bai dawo ba. Samarin garin sukan ƙetare rafi su jira sai masu fili sun gama, sa'an nan su roƙa a bar su su taɓa ƙwallo kafin magariba.

To, 'yan'uwa, ga abin da misalin nan yake nufi.

Filin shi ne abin da Allah ya ba ka amana, wanda ba kai ka yi shi ba: zuciyarka, aurenka, 'ya'yanka, zumuncin da ke tsakaninka da ɗan'uwanka. Ruwan kuwa shi ne ƙananan abubuwan da muke rainawa. 'Yar ƙarya da ba a janye ba. Baƙar magana da aka faɗa da safe, aka kwana ba a ce a yi haƙuri ba. Addu'ar da aka ce sai gobe. Ba wanda gidansa yake rushewa a rana ɗaya, abin yakan fara ne da 'yar tsaga wadda kalma ɗaya za ta iya rufewa. Gayyar nan ita ce tuba ta yau da kullum, da neman gafara tun abu yana ƙarami, da yarda 'yan'uwa su sa hannu su taimake ka. Habila kuma kowa a nan yana da nasa, wani da yake ƙaunarka har ya gaya maka abin da ba ka so ka ji, kai kuwa kana sallamarsa da ladabi.

Dabarar mutumin nan mun san ta sarai, don muna yin ta. Wani yana cewa bari in gama ƙuruciyata tukuna, in na tsufa sai in tuba gaba ɗaya. Wata tana jiran babban taron shekara, a zo da baƙon mai wa'azi da lasifika, ta fita gaba a yi mata addu'a, kome ya koma sabo a yini ɗaya. Kafin nan kuwa ba ta gaisawa da maƙwabciyarta. Muna son katafila, muna ƙyamar kwanon sarki.

Kada wani ya fita daga nan ya ce malam ya ce Allah kamar mai awon ƙaramar hukuma yake. Ban faɗa ba. Ubangiji ba ya juya wa mai tuba baya, ko da ya zo masa da rabin rabin abin da aka ba shi. Mutumin nan ma an gafarta masa. Amma ku lura da abin da gafarar ba ta dawo da shi ba. Shekarun da ruwa ya ci sun tafi. Yaron da ya girma bai taɓa jin muryar ubansa cikin addu'a ba, ba zai koma yaro don a sake ba. Haka nan kuma game da kayan gari: mu nemi haƙƙinmu a wurin hukuma, mu yi ta nema ba gajiya, amma hannunmu yana kan aiki muna nema.

Wannan magana ba daga nesa nake yin ta ba. Ina da wa, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, sunansa Filibus. Mun sami saɓani a kan iyakar gona, abin da bai kai taku uku ba. Na san ni ne da laifi. Gidansa da nawa tafiyar minti goma ce a keke, amma na ce a raina bari sai Kirsimeti, lokacin da dangi duka za su taru, in miƙe a gaban kowa in ba shi haƙuri yadda ya kamata, a yanka akuya, a yi abin da za a daɗe ana tunawa. Har kalmomin da zan faɗa na shirya. Filibus ya rasu a watan Satumba, zazzaɓin kwana uku.

Na gaskata Allah ya gafarta mini. Amma wana bai ji ba, kuma shi nake so ya ji. Saboda haka in akwai wanda ya faɗo maka a rai tun da na fara maganar nan, kuma yana da rai, kada ka jira taro. In an tashi, ka bi ta gidansa kafin ka je naka.