Maginin da Ya Tashi Walima

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari can da daɗewa, magini ne, ana ce masa Ranau. Daga kwaɓa ƙasa ya fara, ya koma cilla tubali, har ya kai shi ke zana gida a ƙasa da sanda, sauran magina su bi. In ba gini ba, ba abin da ya dame shi sai kiwon tattabaru.

To, ku saurara. Wani madugu mai suna Cindo ya sa shi ya gina masa ƙaton soro. Ranar buɗewa aka yanka sa, manyan gari suka cika soron, kuma a nan za a naɗa Ranau Sarkin Magina.

An sa hannu a akushi ke nan, Ranau ya ɗaga kai yana sha'awar aikinsa, sai ya hango 'yar tsaga a rufi, kamar zare. Shi kaɗai ya gani, jama'a, shi kaɗai! Nan ya tuna ya sa ɗanyar azara a wurin, da niyyar canzawa, ya manta. Zuciya ta ce, "Yi shiru, a naɗa tukuna."

Ya miƙe. "Madugu, a fita. Soron nan bai ginu ba."

"In ji wa?"

"In ji wanda ya gina."

Wayyo! Liman ya fita da takalmi ɗaya. Sarkin Fawa ya kifa akushi a ka, miya na bin gemu. Maroƙi kuwa yana gudu yana ci gaba da kirari.

A waje Madugu, yana haki, ya ce, "Yanzu zai rushe?"

"A'a, sai dai ko da damina."

"Da damina! Haba Ranau, ba ka bari mu gama cin naman?"

Ya ce, "Madugu, tsoro na ji. In na ƙoshi, aka ɗaura mini rawani, bakina zai yi nauyi. Kuma 'ya'yanka ne za su zauna a ciki."

Ya kware rufin, ya sake da hannunsa. Sarauta aka ba wani. Har ya rasu Ranau ake kiransa, ba ƙari. Amma duk mai son ɗakin da zai sa iyalinsa, ƙofarsa yake zuwa.

'Yan'uwa, gaskiya ita ce ka faɗi aibin aikinka tun ba wanda ya gani, ko da za ka yi asara. Kai tela, kai bakanike, ke mai sayar da abinci, kowa ya san inda ya yi ha'inci a wannan mako. Allah ma ya sani. Ku je ku faɗa, ku gyara.