Tsakuwar Donya Eduvina da Ta Narke a Kwalba

Akwai wani dattijo a nan garinmu Carahue, sunansa Don Belisario Curiqueo, mai faskaren itace. Matarsa Donya Eduvina ita ce mai suyar sopaipilla a bakin tasha, wainar fulawar nan da ake tsomawa cikin man alade. Mace ce mai kirki, amma in ta kafe a kan magana, sai dai ka gaji ka bar ta.

Tun bara ciwo ke kama ta a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Da ta ci abu mai maiƙo sai ya taso, ya haura har kafaɗa, ga tashin zuciya. Da ƙyar Belisario ya lallaɓa ta zuwa asibiti a Temuco, aka yi mata hoton ciki.

Likita ta ce tsakuwa ce a maɗaciya. Ruwan ɗacin ne ke yin kauri har ya daskare, kuma ya fi kama mata masu jiki da waɗanda suka gada. Tunda ya fara ciwo haka, maganinsa a cire maɗaciyar gaba ɗaya, mutum ya ci gaba da rayuwarsa lafiya lau. Aka sa musu ranar aiki, nan da sati uku.

A mota Eduvina ta ce, "Ba mai yanka ni. Wuƙarsu ce ta kashe Mama."

 Belisario ya san in ranar ta wuce, sai an sake bin dogon layi na watanni.

Ana haka sai maƙwabciya ta kawo mata dabarar da kowa ya sani a nan: rabin kofin man zaitun da ruwan lemun tsami, a shanye kafin a karya. Eduvina ta toshe hanci ta kwankwaɗe. Kashegari kuwa sai ga wasu ƙwallaye koraye a bayan gida, kamar ɗanyen wake.

Kai, zo ka ga murna! Ta wanke su tas, ta zuba a kwalba, ta tafi da su tasha. Duk wanda ya zo sayen waina sai ya ga kwalbar. Da Belisario ya biyo ta wurin, sai ta ɗaga masa ita.

"Tsoho, ka gani? Ka je ka gaya wa likitarka ta ajiye wuƙarta."

"Na gani, tsohuwa."

"Kai dai ba ka da aiki sai 'na gani'. Da ta kai ce, da tuni an farke ni kamar rago!"

Mata suka kwashe da dariya. Abin ya sosa masa rai, amma ya ɗauki gatarinsa ya wuce. Ɗakin shan magani ya nufa, ya tambayi nas. Ta ce masa, "Don Belisario, ba tsakuwa ba ce. Man ne ya cure da lemun a cikin hanji. Ku ajiye su wuri mai ɗumi ku gani."

Da wani ne, sai ya koma tasha ya tsinka ta a gaban mutane. Shi kuwa ya jira har ranar Lahadi, sun dawo daga coci, daga shi sai ita. Ya ɗora kwalbar a kan kantar da ke saman murhu, ya zauna yana shan shayin mate.

Da ta zo sauke tukunya sai ta yi turus. Babu ƙwallo ko ɗaya a kwalbar, sai wani koren mai da ke kwance a ƙasa.

"Wa ya taɓa mini kwalba?"

"Ni na ɗora ta nan, ban ko buɗe ba. Tsohuwa, ke da ke suya kullum, me kika taɓa gani ya narke don ɗumin murhu?"

Ta daɗe tana kallon kwalbar. Can ta zauna a bakin benci, ta sa gefen zanen girki ta rufe fuska.

"Ciwon ya dawo tun ranar Alhamis," ta ce a hankali. "Ɓoye maka na yi. Tsoro nake ji, Belisario."

Ya matso ya riƙe hannunta. "Ni ma tsoron nake ji. Amma ki tuna, ni na ɗauko Mama a keken shanu. Idonta ya yi rawaya, jikinta kamar wuta. Shekara guda tana ɓoyewa tana shan saiwa. Kafin wuƙa ta taɓa ta, ciwon ya riga ya gama da ita. Ke a kan ƙafarki za ki shiga, a kan ƙafarki za ki fito."

"In ban farka ba fa?"

"In kika zauna a gida fa? Wannan ne ya hana ni cin abinci."

Ranar aiki suka tafi tare. 'Yan ƙananan ƙofofi huɗu aka yi mata a ciki, aka zaro maɗaciyar. Likita ta fito ta shaida masa cewa ta kumbura sosai, kuma tsakuwa ɗaya ta riga ta toshe bakinta. Da an ƙara jinkiri, da labarin ya sha bamban.

Da Eduvina ta buɗe ido, sai ta ga mutumin da bai taɓa ɗaga mata murya ba ya kifa kai a bakin gado, kafaɗunsa na rawa.

"Haba tsoho," ta ce da dasasshiyar murya. "Ni aka yanka, kai ke kuka?"

"Ƙyale ni in yi," in ji shi. "Sati uku nake riƙe da shi."

Darasi: Man zaitun da lemun tsami ba sa fitar da tsakuwar maɗaciya, maiƙon ma yana iya tayar da ciwon. In kana jin ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, je asibiti tun kafin zazzaɓi ko shawara su bayyana. Kuma in naka ya yi taurin kai kan magani, wataƙila tsoro ne, ka lallaɓa shi a keɓe kada ka kunyata shi. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman iyayenmu mata masu ɓoye ciwo.