Yatsan Da Ya Saba Rufe Gargaɗi

An yi wani mutum, ba zan kama sunansa ba, domin yana nan da ransa, kuma abin da yake ciki ma ya ishe shi.

A masana'antar rini yake aiki. Yana zama a wani ɗakin gilashi da ke sama, gaban kwamfutar da ke nuna zafin tukunyar tururi. Wansa, wanda ya samo masa aikin, yana ƙasa wajen tukunyar tare da leburori. Amana ɗaya aka ɗora masa: in kwamfuta ta nuna jan gargaɗi, ya kashe wuta, ya danna ƙararrawa.

To mutumin nan yana da wani wasan kwamfuta na mulkin sararin samaniya. Za a ba ka duniya guda, ka ƙera jirage, ka mamaye taurari, ka ƙulla zumunci da wasu halittu, in ka yi ƙarfi ka murƙushe su. Kada ku raina abin, jama'a. Mutumin da ko famfon gidan haya ne ya lalace sai ya yi ta roƙon mai gida, a can taurari ɗari uku ne a hannunsa. Wa zai ce babu daɗi?

Kuma wasan ba ya tsufa. Shekara tara masu shi suna ƙara masa kaya. Da ya fara gundurar mutum sai su fito da sababbin makamai, su sauya dokoki, gwani ya koma ɗan koyo yana murna. Matarsa kan ce, "Sarkin taurari, abinci ya huce, ko can sama za a kai maka?" Ya yi dariya bai ɗago ba. A kwana a tashi ta daina tsokanar.

Ya 'yan uwa, ku buɗe kunne a nan. A wasan nan saƙo ba ya yankewa: an gama gini, jakada ya iso, talakawa suna gunaguni. Gwani ba ya tsayawa karatu. Da saƙo ya fito, yatsa ya rufe shi. Shekara tara yana koya wa yatsansa haka.

Da wasan gida ya yi masa kaɗan, sai ya sa wasan a kwamfutar aiki. Wata rana wan ya hawo ya kama shi.

"Kai, ka san a ƙarƙashin ƙafarka nake tsaye kuwa?"

"Haba Yaya, idona na kai wallahi."

Wan ya dube shi, ya sauka. Bai kai ƙararsa ba, don ɗan uwa ne.

Wata Talata bayan azahar, abokan gaba suka kewaye masa babban birni. Saƙo a kan saƙo. A cikinsu wani ja ya fito. Ya rufe. Ya sake fitowa. Ya rufe, har da tsaki.

Sai gilashin ɗakin ya zubo masa a jiki. Da ya leƙa ƙasa, ba ya ganin komai sai farin tururi, yana jin ihun mutane. An fito da mutum huɗu, wansa ne mafi kusa da tukunya. Kwana biyu ya yi a asibiti, ya cika.

Masu bincike suka buɗe kwamfutar, suka ga gargaɗi biyu da lokacin da aka rufe kowanne. Minti goma sha ɗaya ne tsakanin na farko da fashewar. Kashe wutar kuwa dannawa ɗaya ce.

Aiki ya tafi, kotu ta ɗaure shi. Amma ba wannan ne ya karya shi ba. Mahaifiyarsu ta je ganinsa, ba ta zage shi ba, ba ta yi masa baki ba. Cewa ta yi, "Ni dai ka gaya min, me kake yi a lokacin?" Ya buɗe baki ya rasa da wace kalma zai bayyana wa tsohuwa cewa birnin da babu shi yake karewa.

Ya 'yan uwa, ban ce hutawa haramun ce ba. Amma duk abin da ya saba maka da ture gargaɗi ba ka duba ba, maƙiyinka ne. Ladan ya kira, ka ce anjima. Iyali sun yi magana, ka ce anjima. Wane gargaɗi ka rufe yau, kuma ran wa ke ƙarƙashin ƙafarka?

Allah ya kiyaye mu da shagala, ya sa kada a ba mu amanar da za mu tozarta. Amin.